Tof Silinda Ya Tafi: Na Beljiyam, Sabo Ɗan Chana, Ko a Gyara Na Jiki?

A watan Afrilun bara tifarmu ta tsaya a hanyar Dadin Kowa da lodin yashi a bayanta, lagireto yana tafasa kamar tukunyar ɗanwake. Tiyon ƙasa ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye, direba bai ankara ba saboda gejin zafin ya daɗe da mutuwa. Kowa ya san ya mutu, ba wanda ya gyara. Yaron mota, don ya nuna shi ma ya iya, ya ɗauko jarka ya ɗebo ruwan sanyi ya antaya a lagireto alhali injin yana huci. Direban ya ce da kunnensa ya ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Suka ɗaure tiyon da roba suka lallaɓo har Gombe. Bayan kwana biyu farin hayaƙi ya fara fita ta salansa, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara, ruwa kuwa ko an cika shi da safe kafin azahar ya yi ƙasa.

Motar ta kawuna ce, tsohuwar Mercedes 911 wadda ta girme ni, ni kuma nake riƙe masa lissafin motocinsa. Da bakanike ya ce, "Malam, tof silinda ne ya tafi," ni aka ɗora wa nemo wani. Mako uku na yi ina zarya tsakanin gareji da wajen tona (masu gyaran ƙarfen inji da na'ura) da shagunan kayan gyara, kuma kowa da irin hanyar da yake ja na. Mai walda ya ce a kawo masa. Mai shago ya ce sabo ya fi. Bakanike ya ce in ba na Beljiyam ba, shi babu hannunsa.

Tof silinda shi ne murfin ƙarfen da ke zaune a kan bulok, gasket a tsakaninsu. A jikinsa bawul suke, da nozul mai fesa gas cikin silinda, da hanyoyin da iska ke shiga hayaƙi ya fita, da ramukan da ruwa ke zagayawa. Wuta tana ci a ƙasansa, ruwa yana bi ta cikinsa, wani wurin tsakanin wutar da ruwan bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Na manyan motoci ƙarfen kas ne, wato ƙarfen zubi. Kas yana da juriya, amma gautsi gare shi, ba ya son a sauya masa zafi da sanyi farat ɗaya. In ya sha zafi ya wuce kima sai fuskarsa ta karkace. In aka kwara masa ruwan sanyi yana cikin wannan zafin sai ya tsage, galibi a siririn wurin da ke tsakanin mazaunin bawul biyu, ko tsakanin ramin nozul da mazaunin bawul. Karkacewa da tsagewa ciwo biyu ne daban, maganinsu daban, kuɗinsu ma daban, duk da kanikawa kan haɗa su a kalma guda su ce tof ya tafi.

Shi ya sa kafin ka fitar da ko sisi ka tabbata tof ɗin ne. Ruwa yana da ƙofofi da yawa da yake bi ya shiga baƙin mai. Oyil kula in ta huje haka take yi. Injin da silif ɗinsa, wato kwanson da fistin ke gudu a ciki, ke jiƙe cikin ruwa, irin MAN, in robobin gindin silif suka mutu haka yake yi. Wasu injinan suna da kwanson ƙarfe da nozul ke zama a ciki, ruwa na kewaye da shi, in kwanson ko robarsa ta saki sai ka rantse tof ne ya fashe, alhali abin bai kai kuɗin cefane ba. Kumfar da ke tasowa a lagireto ma ba kullum daga silinda take ba, kwamfiresan iskar birki da ruwa ke sanyaya kansa yana iya tura iska cikin ruwa. Na san wani mai tirela da ya sayi tof har biyu, aka ɗaura, kumfa ba ta daina ba, daga baya wani yaron gareji ya cire tiyon kwamfiresa kawai magana ta ƙare. Sau da yawa kuma gasket ne kaɗai ya ƙone, tof ɗin lafiyarsa ƙalau.

Abu na gaba, wane irin inji ne da kai, domin shi ke yanke rabin hukuncin. Injin 911 shi ne OM352, silinda shida a jere, lita 5.7, wanda Mercedes ta fito da shi a 1964. Tof ɗinsa guda ɗaya ne dogo, ya rufe silinda shidan gaba ɗaya, sai mutum biyu ƙarfafa ko ceni ke sauke shi. Wanda ya gaje shi, OM366, shi ma haka. Tsaga ɗaya a kan silinda ɗaya ta isa ta kashe dukkan ƙarfen, kuma dogon ƙarfe ya fi saurin karkacewa. Tsofaffin DAF na tirela da Mack masu injin E6 da E7 tof biyu gare su, kowane yana rufe silinda uku, asarar ta ragu da rabi. MAN mai injin D2566 da D2866, da manyan Mercedes masu injin V irin OM402, kowace silinda da tof ɗinta, ɗan ƙarami, mutum ɗaya ya rungume shi ya sa a bayan babur.

Howo ma haka take, kuma abin da ke ba ni sha'awa shi ne asalinta ba baƙo ba ne a nan. Injin WD615 da ke cikin yawancin Howo ɗin da ke jigilar siminti daga Ashaka zanen kamfanin Steyr ne na Ostiriya, wanda Chana ta karɓi fasaharsa a 1983. Steyr ɗin nan kuwa shi ne ya buɗe masana'antar haɗa manyan motoci da taraktoci a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. Tsofaffin kanikawan Bauchi da suka taɓa aikin Steyr in suka buɗe Howo ba sa jin sun shiga baƙon gida. To mai Howo ko MAN lissafinsa daban ne da na mai 911. Shi guda ɗaya zai canza cikin shida, in ma ya yi kuskuren saye bai karye ba. Mai 911 in ya yi kuskure, jarin wata biyu ne ya tafi a tashi ɗaya.

Sunan mota ba ya sayen tof. Motocin nan, ko wadda aka haɗa a ANAMMCO ta Inugu bayan 1980 ko wadda ta shigo daga waje, sun bi ta hannu biyar ko goma, kuma da wuya ka samu wadda injin haihuwarta ke jikinta. Akwai 911 da yawa da OM366 ne a ciki, akwai wanda aka ƙara wa tobo, akwai wanda bulok na wani ne tof na wani. OM352 da OM366 a ido kamar Hassan da Husaini, amma faɗin silindarsu ma ba ɗaya ba ne, wancan milimita 97, wannan 97.5. A MAN da Mack akwai mai bawul biyu a silinda, akwai mai huɗu. Mai tobo da marar tobo zafinsu ba ɗaya ba ne, bawul ɗinsu da mazauninsu ma kan bambanta. Ka goge farantin lamba na jikin bulok ka ɗauki hotonsa, ka nemi lambar da aka zuba a jikin tof ɗin kansa ka ɗauka. Wanda ya fi duka, ka ɗauki tsohon tof ɗin ka tafi da shi kasuwa, da nauyinsa da komai, a ajiye shi gefen wanda za ka saya, a ɗora gasket ɗaya a kan kowanne a ga ko ramukan ruwa da na mai da na bol sun hau.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce gyara na jikinka, in karkacewa ce kawai. A kai shi wajen tona a wanke masa fuska, wato a ɗan kankare ta da inji har ta daidaita. Mai tonan da na kai wa namu dattijo ne, gashinsa fari fat, hannunsa kuwa baƙi ƙirin. Bai kunna inji ba. Sai da ya sa yaro ya kankare ragowar gasket, ya wanke fuskar da gas, sannan ya ɗauko wata doguwar rula ta ƙarfe da yake naɗe da tsumma kamar takobi, ya gindaya ta a tsaye, ya gindaya ta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, yana zura fila geji a ƙasanta. A tsakiya, wajen silinda ta uku da ta huɗu, gejin ya shige ba gardama. Abin da ake magana a kai ɗan kaɗan ne, giɓin da ya wuce kaurin takarda ɗaya ya isa ya hana gasket riƙewa. Na ce, "Baba, ai sai a wanke ke nan." Ya ce, "Yaro, yi haƙuri tukuna. Ba a yi wa gawa aski."

Abin da yake nufi, a fara neman tsaga kafin a ɓata kuɗin wanki. Ya shafe fuskar da kananzir, ya bar shi ya jiƙa, ya goge tas da busasshen tsumma, ya goga farin alli a tsakanin mazaunan bawul, sannan ya ɗan daddaki gefen ƙarfen da ƙaramar guduma. Muna zaune muna kallo sai ga wani siririn layi ya fito a kan allin, kamar silin gashi, daga ramin nozul na huɗu zuwa mazaunin bawul ɗin hayaƙi. Kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsagar ne ya fito ya jiƙa allin. Nan take maganar wanki ta mutu.

Da babu tsagar, wankin nan shi zan zaɓa a kan komai, domin ƙarfen da ka san tarihinsa ya fi wanda aka ba ka labarinsa. Sai dai wanki yana da iyaka. Kowane tof yana da ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda da shi, in an wanke sau biyu sau uku an wuce nan. Duk abin da aka cire daga fuska yana matso da bawul kusa da fistin, yana kuma ƙara leƙowar bakin nozul cikin silinda. Mai tona na ƙwarai in ya wanke sai ya sake gyara mazaunin bawul su koma zurfinsu, ya duba wasan da ke tsakanin sandar bawul da hanyarta, bakanike kuma ya daidaita wanshan gindin nozul. Wanda ya wanke kawai ya miƙo maka, gyaran gangar Auzinawa ya yi maka. Kada kuma ka yarda da wankin da ake yi da dutsen girandin a hannu ko a goga a kan siminti, na ga ana yi, ƙyalli kawai yake bayarwa.

Walda ita ce hanya ta biyu, kuma a nan na fi yin taka-tsantsan. Ba wai kas ba ya walduwa ba ne. Yana yi, amma sai an gasa dukkan ƙarfen ya ɗauki zafi sosai, a yi aikin yana cikin zafin da sandar da ta dace da kas, sannan a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali, wani lokacin kwana guda cur. Bayan nan dole a koma wajen tona, don zafin ya karkatar da fuska, mazaunan bawul ma sai an sake su. Masu yin haka ba su da yawa. Abin da aka fi gani shi ne a tsaga wurin da girandin, a zuba masa wuta da sanyinsa, a goge. Ranar farko ba ya yoyo. Amma gefen waldar ya riga ya ƙara gautsi, da motar ta ɗauki lodi ta kama hawan Panshanu ko ta doshi Biu da rana tsaka, sabuwar tsaga za ta fito daf da tsohuwar. Tsagar da ke waje, a bangon ruwa ko wajen kunnen salansa, wannan ana iya waldarta a zauna lafiya. Wadda ke cikin wuta, tsakanin bawul da nozul, irin tamu, ni ba na ba da shawara, sai in tof ɗin irin wanda ya ɓace a kasuwa ne, ko ana so motar ta lallaɓa ta iso gida. Mai niyyar sayar da mota ne ya fi son wannan aikin, Allah ya kyauta.

Na Beljiyam shi kowa ke so, kuma da dalili. Ƙarfen kamfani ne na asali, zubi mai kyau, ya yi aiki a ƙasar sanyi da ruwan kulan mai hana tsatsa, yawanci kuma yana zuwa da bawul da sifirin ɗinsa a jiki. Matsalar ita ce kalmar Beljiyam ta zama riga, kowa yana iya sa wa kayansa. Injin OM352 ya daɗe da tsufa a Turai, masu shigowa suna raguwa, kuɗinsu kuma ya yi sama tun da aka saki naira a 2023. Giɓin da aka samu na gida ne ke cike shi, wanda aka ciro daga motar da ta buga a nan, aka wanke da fetur, aka fesa masa fenti, wani har an yi masa waldar da na ambata an goge.

Ga yadda na koyi rarrabewa. Haska tocila cikin ramukan ruwa. Wanda ya zo daga waje cikinsa a tsabtace yake, wani lokacin har da ɗan shuɗi ko kore na ruwan kulan. Na gida ja wur yake da tsatsa, da ɓawon gishiri, wani har da lakar rafi, domin mu ruwan da muka samu a hanya shi muke zubawa. Duba fuskar: in tana ƙyalli da sabon zanen injin tona, tambayi dalili, tof ɗin da aka kwance daga inji yana zuwa ne da baƙin tabon gasket. Sabon fenti ma abin zargi ne, musamman a wuri ɗaya. Kifa shi ka dubi kawunan bawul, su zama zurfinsu ɗaya, wanda ya nutse fiye da 'yan'uwansa mazauninsa ya cinye. Duba zaren ramukan da ake ɗaure salansa, da bakin ramin nozul, da murafan nan masu kama da kwabo da ke gefe. Duk wannan na ido ne, ido kuwa ba ya ganin tsagar da ke can cikin hanyar hayaƙi. Wannan sai gwajin matsi: a toshe ramukan ruwa, a hura iska, a tsoma tof ɗin cikin ruwan zafi a ga ko kumfa za ta fito. Ruwan zafi ake so, don wata tsagar sai ƙarfe ya ɗumama take buɗe baki. Ba kowane mai tona ke da kayan wannan gwajin ba, amma wanda yake da su ya cancanci a yi masa tafiya.

Saboda haka cinikin na Beljiyam ba a kan farashi yake ba, a kan sharaɗi yake. Na farko da na samu a nan Gombe, mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ko a makance ka ɗauka." Na ce na ji, amma a rubuta a rasit cewa zan kai gwaji, in ya faɗi a ba ni kuɗina, ba canji ba. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya yarda da kwana uku. Na kuma buga wa tof ɗin alama da ƙusa a gabansa, don kada gobe a ce ba shi ba ne. Baba ya tsoma shi a ruwa, kumfa ta riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya daga hanyar hayaƙi ta biyu. Ban ce mai shagon ya sani ba, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Na dai karɓi kuɗina ba tare da an kai ga shugaban 'yan kasuwa ba, kuma rubutun nan ne ya cece ni.

Sai sabo. Na kamfani a kwalinsa, ga injin da ya haura shekara arba'in, da wuya ka gan shi, in ka gani ma kuɗinsa zai sa ka fara tunanin sayen inji sukutum. Abin da ake kira sabo a kasuwa kwaikwayo ne, mafi yawa daga Chana, kuma hawa-hawa ne. Akwai mai kyau, akwai wanda kyan fenti ne kawai. Amfaninsa a fili yake: bai taɓa shan zafi ba, ba a taɓa wanke shi ba, kaurinsa cikakke. Aibinsa ɓoyayye ne. Zubin wani yana da ƙananan ramuka a ciki, wani ragowar yashin zubi na nan cikin hanyoyin ruwa, mazaunin bawul na wani ba a matse shi da kyau ba, in ya saki ya faɗa kan fistin inji ya buga ke nan. In zai yiwu ka ɗora shi a sikeli tare da tsohon naka, wanda ya fi sauƙi da yawa an rage masa nama. Ka zura yatsa cikin hanyar iska ka ji ko akwai kaushi da tsini. Sabo ma a kai shi wajen rula da ruwan zafi, ba raini ba ne.

A tambaya kuma, tsirara ne ko da kayansa? Tsirara ya fi araha a baki, amma ka lissafa bawul goma sha biyu, da sifirin, da kwanson nozul, da ladan mai haɗawa. Ni na fi son tsirara in sayi bawul masu kyau daban, domin bawul ɗin da ke zuwa jikin mai araha su ne suka fi saurin ƙonewa. Ga mai Howo kuwa maganar ta juye. Motar tasa 'yar Chana ce, sabon tof ɗinta shi ne na gidansu, yana nan birjik, ba shi da dalilin bin tsoho. Abin da zai kiyaye shi ne kaurin sabon ya yi daidai da sauran biyar ɗin, don bututun iska da na salansa su zauna a kan layi ɗaya, in ba haka ba gasket ɗin salansa zai yi ta hurawa.

Wajen nema, a fara da gida. Shagunan Gombe da Bauchi suna da na Canter da Dyna da Howo, kuma saye a kusa yana da daɗin mayarwa. Na manyan tsofaffi ne ke sa mutum tafiya. Daga Bauchi, Dilimi ta Jos ta fi kusa, sammako ɗaya ka je ka dawo. Ƙofar Ruwa ta Kano ta fi yawan kaya, a can za ka ga biyar ka zaɓi ɗaya, sai dai a can ma gwangwan da Beljiyam suka fi cakuɗewa, ka tafi da bakanikenka, ka biya masa kuɗin mota da na abinci, ya fi ka tafi da dillalin da la'adarsa ke ƙaruwa in ka saya da tsada. Potiskum garin tireloli ne, mai neman na DAF ko MAN kada ya raina ta. Akwai Panteka a Kaduna. Ladipo ta Legas da kasuwannin Onica su ne bakin kwantena, farashinsu ya fi sauƙi, amma yawancinmu ta waya muke saye, a turo bidiyo, a tura kuɗi, a sa a motar dare. Cinikin biri a sama ke nan. In kaya ya iso bai yi ba, mayarwa kaɗai mako biyu ne, kuɗin mota kai da kawo a wuyanka, motarka kuma tana kwance. Wanda yake da amintacce a can, wanda suka daɗe suna hulɗa, ya saya. Wanda lambar waya kawai aka ba shi ya haƙura.

Kwanciyar motar nan ita ce ba a cika sa wa a lissafi ba. Tifa a lokacin rani, lokacin da kowa ke gini, kowace rana kuɗi ce, direba da yaronsa kuma suna da iyali. Tof mai araha da zai sa a buɗe inji sau biyu ya ci gasket biyu, baƙin mai biyu, ladan bakanike biyu, da kwanakin aiki. Motar da ke zirga-zirgar cikin gari, daga ramin yashi zuwa wurin gini, in ta tsaya janwe ba shi da nisa, ana iya gwada sabo mai matsakaicin kuɗi a kanta. Wadda ke ɗaukar hatsi daga Tudun Hatsi ko shanu zuwa kudu, wadda in ta tsaya dajin Allah ne da kaya masu rai a baya, ba a yi mata gwaji da mai araha ko mai walda. In kuma bulok ɗin ma ya gaji, tana cin mai, tana hayaƙi, tof mai kyau ba zai mayar da ita yarinya ba, gara a tsaya a kwatanta da kuɗin inji ɗungurungum.

Mu dai Kano muka nufa, ni da bakanike, tsohon tof a but. Na huɗu da aka fito mana da shi ne ya yarda da shi, baƙi dumu-dumu, ba fenti, cikin ruwansa fes. Ya ci gwajin Baba, ɗan wanki kaɗan kawai ya nema. Ranar ɗaurawa na tsaya a kansu. An goge fuskar bulok an ɗora mata rula ita ma, an busar da ramukan bol don mai ko ruwan da ya kwanta a ciki yana hana bol sauka, an ware bol uku da suka miƙe aka sa wasu. Gasket mai kyau muka saya, ba a shafa masa gam ba. Na yi hayar sifanar awo, aka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye bayan zagaye, ba a sa bututu a hannun sifana yaro ya hau kai ba kamar yadda aka saba. Nozul shidan sun je wajen mai gyaran famfon inji, biyu suna ɗiga aka canza bakinsu. An wanke lagireto, an sa sabon murfi, an mayar da tamostat ɗin da wani ya cire tun shekarun baya da sunan wai ƙasarmu akwai zafi. Gejin zafin kuwa, wanda ya jawo duk wannan, kuɗinsa bai kai na lodin yashi ɗaya ba. Da na gaya wa Kawu sai ya yi shiru, can ya ce, "Kai dai rubuta."

Tsohon tof ɗin ya yi wata guda a gindin dalbejiya kafin 'yan gwangwan su zo. Ɗayansu ya juya shi, ya shafa fuskar da tafin hannu, ya taya shi da kuɗin da ya fi na kilo nesa ba kusa ba. Na ce ya dakata. Na aika yaro ya aro babbar guduma da kurfi, muka sare fuskar daga silinda ta ɗaya har ta shida, sannan na ce a ɗora a sikeli.